Ranar da Na Yi Tsawa a Filin Roƙon Ruwa

Ba za ni taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da muka fita roƙon ruwa ba. Ko da ni na yi niyya, akwai gari guda cur da ya ɗauki nauyin tuna mini, kuma ba sa gajiya.

Ni malamin kwamfuta ne a wata ƙaramar sakandare a Sabon Birni, gida kuwa wani ƙauye ne tsakanin Kurawa da Unguwar Lalle. (In na ce malamin kwamfuta, kada ka hango ɗaki mai sanyi da na'urori a jere. Kwamfutar makarantarmu a kan allo take, da alli nake zana ta, in an buga ƙararrawa malamin lissafi ya zo ya goge.) Saboda haka duk ilimin zamani da nake tinƙaho da shi a cikin waya yake, wayar kuwa ta lokacin ba abin tinƙaho ba ce.

Kunkuru nake kiran ta. In ka taɓa hoto don ya buɗe, kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo ka tarar tana tunani. Caji kuwa, in an cika ta da safe, kafin azahar ta yi sallama. Ƙauyenmu akwai turakun lantarki, wutar ce dai ba ta taɓa zuwa ganin su ba, sai mai shagon sola da muke kai wa waya kamar masu kai niƙa. Duk mako kuma sai ta ce wuri ya cika, in zauna ina zaɓen abin da za ni goge, hoton suna ko na ɗaurin aure. Shekara huɗu muna tare, ta koya mini halaye biyu ba tare da na sani ba. Ba na rufe abin da na buɗe, don ita da kanta take mantawa da shi. Ba na kuma kashe ta a taro, don kafin a yi nisa ta mutu don kanta.

Da Kunkurun nan dai na riƙa karanta labarin sababbin ƙwayoyin mimori da ake sa wa wayoyin zamani. Ƙwaya ce da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, amma wai kowace fitowa ta fi ta baya sauri, kuma ta fi ta ƙarancin cin wuta. Wannan na biyun shi ya shiga raina. Ga mutumin birni, rashin cin wuta ado ne. Ga wanda ke bin layi a shagon sola, magana ce ta mutunci. Na yi ta karantawa har na fara jin kamar da ni aka ƙera su. Da bazara ta kama na hau mota zuwa Sakkwato na dawo da sabuwar waya. Abin da aka sayar aka saye ta, wannan tsakanina ne da matata Hassi, sai dai har yau in tunkiyar wani ta gifta sai ta juyo ta dube ni.

Wayar dai ta cika alkawari. Kafin ka ɗage yatsa abu ya buɗe. Kwana uku take yi ba ta ga shagon sola ba. Wurin ajiya kuwa har ya yi mini yawa, na daina goge komai. Ni kuma na zama abin da Allah ya sawwaƙe wa mutane. Ba wanda ya isa ya tambaye ni ƙarfe nawa ba tare da ya sha darasi ba.

A majalisarmu ta gindin darbejiya na fi yin ta'adin. Da rumbu nake buga musu misali. In ce mimori iri biyu ne a waya. Akwai rumbu, inda ake ajiye damma har shekara. Akwai kuma faifai, inda mace ke zuba abin da take aiki a kai yanzu. Tsohuwar waya faifanta ƙarami ne, in ta ɗauko gero sai ta zubar da dawa, ga shi tafiya rumbu na gajiyar da ita. Sabuwa kuwa faifanta kamar tabarma yake, abin da ka bari jiya yana nan inda ka bar shi, ta je rumbu ta dawo kafin ƙiftawar ido, ko haki ba ta yi. Misalin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na riƙa maimaita shi ga mutanen da suka riga suka ji sau huɗu.

Ruwan farko na shekarar ya sauka wata ranar Alhamis bayan la'asar, kuma ruwa ne na gaske, da iska da rugugi. Na tsaya bakin ƙofar ɗaki na ɗauki bidiyonsa: hadari baƙi ƙirin daga gabas, ruwa na dukan kwano, tsakar gida ta zama tafki. Bidiyon ya fito tar, sautin kuwa kamar kana wurin. Shi ya zama abin nunina. Duk wanda ya yi shakkar wayar sai in buɗe masa. Amma akwai wani wuri, daidai inda rugugi ke fara ƙaruwa, da kullum nake tsayar da shi in mayar da waya aljihu. Akwai dalili, za ka ji shi. A zamanin Kunkuru da tuni na goge bidiyon don neman wuri. Yanzu wuri ya samu, sai na bar shi yadda yake.

Washegarin ruwan kowa ya fita shuka. Gero ya tsiro kore shar, sai sama ta rufe bakinta. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Hadari ya taso da rana ya yi baƙi, mutane su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi kamar an kori kaji. Shukar ta lanƙwashe ta bushe. Aka sami wani yayyafi da bai jiƙa ƙasa tsawon yatsa ba, wasu suka sake shukawa a kansa don zuciya ba ta iya zama haka nan, wannan ma ya ƙone. Gulbi ya koma rairayi. Guga na dawowa daga rijiya da laka. Shanun Fulanin da ke mashekari bayan gari, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga kan hanya.

Cikin waɗanda suka shuka sau biyu har da surukina, mahaifin Hassi. (Ba za ni faɗi sunansa ba. Ko a zuci Baba nake ce masa.) Dattijo ne mai tsagen Gobir har kunne, maganarsa ba ta wuce kalma biyar, kuma yana da wani irin gero da ya gada wurin mahaifinsa, wanda bai taɓa yarda ya haɗa da na kasuwa ba. A shuka ta biyu ya zuba kusan duk abin da ya rage masa. Ni na san da haka, don Hassi ta faɗa mini tana share ido. Amma sanin bai hana ni darasin rumbu da faifai ba.

Wata rana ina tsakiyar bayani a majalisa sai ga Baba ya dawo daga gona, kalme, fartanyarsa ta noma, a kafaɗa. Na zube ƙasa na gaishe shi. Wani ɗan neman magana ya ce, "Baba, surukinka fa ya sawo waya mai ƙwaƙwalwa."

Baba ya dubi wayar daga nesa. "Mi taka yi?"

Na ce, kaina a ƙasa, tana da sauri, ba ta mantuwa, ba ta cin wuta.

"Tana kawo ruwa?"

"A'a, Baba."

"To, Allah shi sa albarka." Ya gyara kalmensa ya wuce.

Ranar Juma'a Liman ya yi sanarwa: a yi azumi kwana uku, a yi sadaka, masu gaba su shirya, ranar Litinin da hantsi a fita filin gabas da gari a roƙi Allah ruwa. Limaminmu tsoho ne, muryarsa ta yi siriri, sahu na uku ma da ƙyar yake jin sa. Nan na ga ƙofar lada, ko in faɗi gaskiya, na ga ƙofar a gan ni. Makarantarmu na da wata babbar sifika mai batir da ƙafafun taya, da makirufo marar waya da ɗan rimot. Na roƙi shugaban makaranta ya ba ni aro, na ɗaure ta a bayan babur na kawo gida kamar amarya.

Ranar Lahadi da yamma na ce bari in gwada ta. Na haɗa ta da wayata ta bulutut, wato hanyar nan da waya ke aika sauti ba tare da igiya ba. Me za ni kunna in ji ƙarfinta? Bidiyon ruwa mana. Na sa shi ƙasa-ƙasa, sautin ya cika tsakar gida har awaki suka ɗaga kai. Hassi ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, don Allah kashe abin nan. Mutane na azumi kana tsokanar su." Na tsayar da shi a inda na saba tsayarwa, na mayar da sifika kan makirufo, na jefa waya aljihu. Ban rufe bidiyon ba. Na dai duba caji na ga kwananta uku rabonta da sola amma tana nan da ranta, na yi murmushi ni kaɗai.

Litinin da hantsi gari ya fito kaf. Tsofaffi da sanduna, mata a baya da ƙoren gumba ta sadaka, Fulani da Ardonsu, har da 'yan awaki da tumaki da aka koro. Kowa da tsofaffin tufafi, ba turare, ba hula mai aiki. Ni ma na zaƙulo wata tsohuwar babbar riga da ta koɗe, na sa waya a aljihun gaba. Ban kashe ta ba. Ko tunanin hakan bai zo mini ba.

Sifikar na ɗora ta kan amalanke a gindin wani gawo, can gaban Liman, ta fuskanci jama'a. Ka lura da wannan: gaban Liman gabas ne, kuma daga gabas hadarinmu ke tasowa. Na ba Liman makirufo, na nuna masa inda zai riƙe, na koma sahun farko can gefe na zauna da rimot a hannu. Mutum uku ne tsakanina da Baba. Sama kuwa fes take, kamar tiren da aka wanke aka kife.

Aka yi raka'a biyu. Muryar Liman ta kai har wurin mata, na ji wani a bayana na cewa, "Kai, wagga na'ura ta yi." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Liman ya yi huɗuba, ya ce mu yawaita istigfari, ya ce ba don halinmu za a ba mu ba, sai don tsofaffi da jarirai da dabbobin da ba su yi laifin komai ba. Daga nan ya juya mayafinsa, ya ce kowa ya juya nasa, Allah ya juya mana halin da muke ciki. Na cire babbar rigata na juya ta ciki waje, na mayar. Garin sauri har gaba ya koma baya. Aljihu da wayar da ke cikinsa suka koma wani wuri tsakanin kafaɗuna, ta ciki.

Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Bai yi nisa ba muryarsa ta karye. Tsoho ne da ya ga fari iri-iri, yana ambaton sunayen Allah yana kuka, maganar na fita guntu-guntu. Sahu ya yi tsit sai shessheka. Ni kuma, maimakon in ji da nawa zunubin, sai na ce a raina na baya ba sa ji, bari in ƙara murya. Idona a rufe (rabi dai), na lalubi rimot na danna. Sifika ta yi ɗan ƙit. Murya ba ta ƙaru ba. Na sake danna na kusa da shi.

Daga baya na zauna na gane abin da na yi. Dannawar farko ta mayar da sifika kan bulutut. Ta biyu ta ce a ci gaba da abin da aka tsayar. Da Kunkuru ce, da ta mutu tun jiya. In ma tana da rai, da sai an shafa fatiha an watse tana neman sifikar, in ta same ta kuma ta ce ba ta san wani bidiyo ba. Amma wannan ƙwaya ce ta zamani. Abin da ka bari jiya yana nan inda ka bar shi, ni da bakina na sha faɗa. Kafin in ɗage yatsa ta je rumbu ta dawo.

Rugugi ya taso daga gabas.

Ba ƙaramin rugugi ba, irin mai zurfin nan da kake ji a ƙirji kafin kunne. Ya mirgino ta kan gawo ya bi ta kan sahu. Liman ya tsaya cak, hannunsa a sama. Wani daga tsakiya ya ƙwala kabbara, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Daga baya guɗa ta tashi. Ardo ya miƙe tsaye ya kare ido da tafin hannu yana duban gabas. Sai ga ƙarar iska, sai ga saukar ruwa, shaaa.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ma na yi kabbara. Na ɗaga kai na dubi sama, tsigar jikina ta tashi, na ce ikon Allah, yanzu-yanzu? Na kai numfashi uku a haka. Abin da ya farkar da ni shi ne ruwan a kan kwano yake sauka, ga kuma wani ɗis, ɗis a cikin bokiti. Babu kwano a filin nan. Bokitin kuwa na san shi, ni na ajiye shi inda ɗakina ke yoyo.

Na waiga na dubi Baba. Bai ɗaga kai sama kamar sauran mutane ba. Hannuwansa biyu na gabansa a buɗe, hawaye na bin tsagen fuskarsa suna shiga gemu, bakinsa na motsi. Alhamdu lillahi yake ta faɗi. Shekara tara ina surukinsa, ban taɓa ganin ko jan ido a wurinsa ba.

Na danna rimot da ƙarfi don in kashe. Wannan karon Allah ya ba ni sa'ar maɓallin ƙara murya. Na jefar da shi na kai hannu aljihu, babu aljihu. Na lalubi ƙirji, na lalubi gefe, na tuna yana baya. Na tura hannu ta wuya, na tura ta hammata, na shige cikin rigar gaba ɗaya ina mutsu-mutsu kamar akuyar da aka sa a buhu. Ina ciki ina jin rugugin na ƙaruwa, kuma ni kaɗai a duk filin na san abin da ke tafe.

To, ga dalilin da na ce za ka ji. Ni tun ina ƙarami nake tsoron tsawa. Ba tsoro irin na kowa ba. Aradu ta taɓa faɗa wa wata kuka a gabana ina kiwon awaki, tun ranar in sama ta yi ƙara ƙafafuna ba sa shawara da ni. Daga ni sai Hassi muka san wannan. Sai kuma waya.

Tsawar ta fashe, taaas, har tumaki suka watse. Sai ga murya, tar da ita, murya ce da duk wanda ya taɓa zama gindin darbejiya ya sani:

"Wayyo Inna! Wayyo Allah, na mutu! Inna!"

Sai ƙarar waya ta faɗi ƙasa, sai gudu, sai kwano ya kife. Ruwa ya ci gaba da zuba. Daga nan muryar mace, tana magana dariya na cin ta:

"Malam, hito daga ƙarƙashin gado mana. Ga ɗiyanka na kallon ka. Ai ta wuce."

Muryar farko, daga wani wuri mai zurfi: "Kin tabbata?"

"Wallahi ta wuce."

"To rufe taga tukuna."

Ardo ne ya cece ni daga sauran. Ya taka har gindin gawo, ya dubi sifikar sama da ƙasa, ya sa ƙarshen sandarsa ya danna wani abu a bayanta. Ruwa ya ɗauke.

 Ina cikin riga, kaina a lulluɓe, hannu ɗaya ya fito ta wuya riƙe da waya, don a lokacin ne na same ta. Na yi tunanin in zauna a haka har kaka. Sai na ji muryar Liman, siririya, ba makirufo:

"Malam, ta wuce. Kana iya hitowa."

Na fito. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da an yi dariya da na san abin ya zama wasa. Mutane dai suka sauke hannuwa a hankali, waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna, matan da suka yi guɗa suka ja mayafi suka rufe baki. Baba ya kama gefen rigarsa ya share fuska, a natse, bai dubi inda nake ba. Liman ya ajiye makirufo a kan buzunsa ya sake ɗaga hannu, ya ɗauko addu'ar daga farko. Da muryarsa ta Allah ya yi ta, kuma har wurin mata aka ji, don ko tari ba wanda ya yi.

Dariyar sai da aka kama hanyar gida ta fara, kuma ta biya bashin jinkirinta. Ina tura amalanke ina jin ta tana tashi rukuni-rukuni a bayana. Kafin azahar na sami suna, Malam Tsawa. Kafin la'asar wani direba ya kai labarin garin Isa, ya ƙara masa gishiri, wai har da akuya muka shige ƙarƙashin gadon. Hassi ta ajiye mini abinci, sannan ta ce, "Ni da ko gaban ƙannenka ba na ɗaga murya, yau Liman ya ji dariyata." Ta fita.

Kwana biyu ban leƙa ƙofar gida ba. Na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Sunan bai dame ni sosai ba, tsoron tsawar ma da ya fito fili na haƙura. Abin da ya hana ni sakat hannuwan Baba ne. Na sa tsoho ya gode wa Allah a kan ruwan da babu. Na rasa kalmar da ake ba da haƙuri da ita a kan irin wannan.

Rana ta uku da safe Hassi ta ce, "Baba na kiran ka. Yana gona. Ya ce ka taho da wayar."

Na tafi kamar mai zuwa gaban alƙali. A hanya na yanke shawara in ya ce in fasa ta da dutse, za ni fasa. Na same shi zaune gindin wata aduwa, gonar a gabansa ja wur, sai tsilli-tsillin karan da suka ƙi mutuwa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na gaishe shi. Na fara jero haƙurin da na kwana biyu ina shiryawa. Ya ɗaga hannu.

"Kunna min ruwan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya sake faɗi. Na ciro waya, na mayar da bidiyon farko, na miƙa masa. Bai karɓa ba, bai ma dubi hoton ba. Ya jingina da itace ya rufe ido. Iska ta taso a cikin wayar, ruwa ya fara dukan kwano, mu kuwa muna zaune cikin rana, ƙasa na ƙona mini gwiwa. Ya daɗe yana saurare. Can ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Wanga ruwa shi munka yi shibka da shi."

"Shi ne, Baba."

"Ruwa na ƙwarai." Ya ja numfashi ta hanci, ya girgiza kai. "Ƙamshin ƙasa dai ba ta ɗauko ba."

Rugugi ya fara ƙaruwa. Na kai yatsa a hankali za ni tsayar, kamar yadda na saba. Ya buɗe ido ɗaya.

"Bari. Ba mu kai wurin Inna ba."

Haka na durƙusa, riƙe da waya da hannu biyu, na kunna wa surukina kururuwata. Da aka zo "Kin tabbata?" sai kafaɗunsa suka fara motsi. Da aka zo "rufe taga tukuna" ya kife a kan kalmensa yana dariya har da tari, yana share ido da bayan hannu. Ya ce in maido wurin. Na maido, ko daƙiƙa wayar ba ta ɓata ba, ba ta taɓa ba ni kunya ta wannan fannin ba. Sau uku muka ji. Da ya gaji ya ce, "Tashi ka tahi makaranta, ɗiyan mutane na jiran ka." Ina sa takalmi ya ƙara da cewa tun da shukar nan ta ƙone bai yi dariya ba sai yau, kuma in gai da Inna. (Inna na da rai, tana Alkalawa wurin yayana. Labarin ya riga ni isa.)

Ruwa ya zo bayan kwana tara da fitarmu. Bai ceci gero ba, wake dai aka samu da ɗan abin da ba a rasa ba, Baba kuma ya tsira da 'yan zangarniyar da suka ishe shi iri. An ce ruwan ya zo da tsawa mai kyau. Ban ɗauki bidiyo ba, ina wani wuri a lokacin.

Har yanzu ina koyar da mimori, har yanzu da rumbu da faifai, don misalin ba shi ya yi laifi ba. Ina gaya wa ɗalibai gaskiya: sababbin ƙwayoyin nan sun fi sauri, sun fi ƙarancin cin wuta, kuma na gaba za su fi waɗannan. Sai dai nakan ƙara musu abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Mai saurin aike ba ya tsayawa ya duba abin da ka aike shi ya ɗauko. Saboda haka in za ka tsaya gaban Allah, ko gaban surukinka, balle a ce duka biyun ne a sahu ɗaya, ka kashe waya da hannunka tun daga gida.